Me ake koya wa ma'aikacin jin daɗin jama'a a jami'o'in 'yan asalin ƙasa?

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen aikin jin daɗin jama'a. A wani darasi an gaya mana cewa a Kanada da Niyu Zilan akwai jami'o'in da ke ba da digiri na musamman a wannan fanni domin 'yan asalin ƙasa, kuma wai suna da ƙa'idojinsu daban. Waɗanne ƙa'idoji ne? Me ya raba su da girmama mutum da riƙe sirri da adalci da ake koya mana kullum? Ni dai gani nake suna kawai aka sauya.

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Shakkar da kika yi tana kan hanya, domin da za a rubuta miki ƙa'idojin a allo, mutunci, gaskiya, tawali'u, zumunci, babu ɗaya da za ki ce baƙo ne a gare ki. Sai kin san abin da ya haife su sannan za ki ga nauyinsu, don haka ki yi haƙuri in ɗan koma baya.

Da farko, 'yan asalin ƙasa a nan ba irin ɗan asalin jiha ba ne da ake karɓo wa takarda a ƙaramar hukuma. Ana nufin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasarsu, suka zauna ba su koma ba, har baƙin suka zama su ne masu yawa, su ne masu mulki. A Kanada kashi uku ne: Al'ummomin Farko, irin su Cree da Anishinaabe da Mi'kmaq, sai Inuit na can arewa mai ƙanƙara, sai Métis, waɗanda suka fito daga auratayyar 'yan asalin ƙasa da Turawa. A ƙidayar 2021 sun kai mutum miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar.

Fiye da shekara 100 gwamnatin Kanada da majami'u suna tafiyar da makarantun kwana inda ake raba yara da iyayensu, a aske musu kai, a hana su yin harshensu, a dake su in sun yi. Kimanin yara 150,000 suka bi ta cikinsu, dubbai ba su dawo gida ba, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne abin da ya biyo baya. A 1951 aka gyara dokar da ke mulkin waɗannan al'ummomi ta yadda dokokin larduna za su yi aiki a keɓaɓɓun yankunansu. Nan ma'aikatan jin daɗin jama'a suka samu ƙofa. Matashiya ce ta gama jami'a, ba ta taɓa kwana a irin wannan ƙauye ba, ba ta jin harshen. Ta shiga gida ta ga babu firji, ga busasshen nama da kifi a rataye, yara biyar suna kwana ɗaki ɗaya, yaron kuma wajen kakarsa yake ba wajen uwarsa ba. Ta rubuta sakaci. A sa yaro a mota. Daga shekarun 1960 zuwa 1980 an kiyasta yara kusan 20,000 aka kwashe ta haka aka miƙa wa iyalan Turawa, wasu har Amurka. A lardin Saskatchewan an yi wani shiri daga 1967 wanda ake buga hotunan yaran a jarida ana neman mai ɗauka. Alƙali Edwin Kimelman, wanda ya binciki lamarin a Manitoba, ya kira shi kisan kare dangi na al'ada a rahotonsa na 1985.

Abin da ke tsaya mini a rai duk lokacin da nake koyar da wannan babi shi ne yawancin waɗanda suka yi aikin ba mugaye ba ne. Sun ci jarrabawar ƙa'idojin sana'a irin wadda za ki rubuta. Sun yi imani da girmama mutum, suna riƙe sirri, suna ganin ceton yaro suke yi. Ƙa'idojin da ke hannunsu ba su hana su komai ba, saboda babu inda aka koya musu su tambayi kansu: da ma'aunin wa nake auna gidan nan, kuma in na yi kuskure, gaban wa zan tsaya? Har gobe abin bai warke ba. A ƙidayar 2021, yaran 'yan asalin ƙasa kashi 7.7 ne kawai cikin 100 na yaran Kanada 'yan ƙasa da shekara 15, amma su ne kashi 53.8 na yaran da ke riƙo a hannun hukuma. Ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta Kanada ta fito ta nemi gafara a 2019. Hukumar Gaskiya da Sasantawa da ta binciki makarantun kwanan, wadda marigayi Murray Sinclair ya shugabanta, ta fitar da buƙatu 94 a 2015, kuma biyar na farko duk a kan kula da yara suke, har da cewa a ilmantar da ma'aikata tarihin makarantun kwana kafin a tura su binciken gidajen mutane.

To a wannan ƙasa aka shuka digirin da kike tambaya. Tun shekarun 1970 al'ummomin Saskatchewan suka fara horar da nasu ma'aikatan, shirin da yanzu yake Jami'ar Al'ummomin Farko ta Kanada. Jami'ar Laurentian da ke Sudbury ta buɗe nata a ƙarshen shekarun 1980, Jami'ar Wilfrid Laurier ta fara digiri na biyu a fannin a 2006. Mutanen da sana'ar ta cuta ne suka ce tunda ba za a daina buƙatar masu taimakon iyali ba, bari mu raini namu, a kan namu tushe.

Tushen da komai ya hau kansa shi ne zumunci. Cree suna ce masa wahkohtowin, Maori na Niyu Zilan suna cewa whanaungatanga. Littattafan da aka kawo mana daga Ingila da Amurka sun ɗauki mutum ɗaya a matsayin abin aiki: ga mai matsala, ga fayil ɗinsa, ga ma'aikacinsa. Su kuwa sun ce babu yaron da yake tsaye shi kaɗai. Yana da kaka da kawu da gwaggo, yana da dangi da ƙasa da kogi da harshe, kuma ranar da kika cire shi daga cikin waɗannan kin yi masa rauni ko da kin kai shi gidan da ya fi nasu abinci. Saboda haka ɗalibi yana koyon cewa tambayar farko a gidan da ke cikin matsala ita ce su wane ne mutanen yaron nan, kuma wa aka riga aka kira a cikinsu. Wannan zumunci yana hawa kan ma'aikacin shi ma. Ba baƙo ba ne da zai rufe fayil ya tafi. Zai haɗu da uwar yaron a wajen jana'iza da wajen biki, sunan gidansu yana tafe da shi. A manhajar da kika sani ana gargaɗin ma'aikaci ya nisanci wanda yake da alaƙa da shi. A ƙauyen mutum 800 wannan ba ya yiwuwa, don haka sai su koyar da yadda za ka riƙe amana da adalci alhali kana cikin dangi, wanda ya fi nisanta wuya nesa ba kusa ba.

Kina iya ganin wannan tun ranar farko a aji. Ba a jera kujeru ana kallon allo. Da'ira ake yi, malami yana cikinta kamar kowa. A wurare da dama ana fara zama da turara hayaƙin wasu ganyaye da suke ɗauka masu tsarki, wanda addininsa ko lafiyarsa ba su yarda ba ya tsaya gefe babu mai ce masa uffan. Sai a miƙa wani abu hannu zuwa hannu, gashin tsuntsu ko dutse, wanda yake riƙe da shi ne kaɗai ke magana, sauran su yi shiru har ya gama, ko da ya ɗauki minti goma yana neman kalma. Kuma ba a fara gabatar da kai da lambar rajista. A wajen Maori mutum zai faɗi dutsen garinsu, da koginsu, da kabilarsa, da kakanninsa, sunansa ne ke zuwa ƙarshe. Ɗalibin da Bature ne shi ma sai ya faɗi daga ina kakanninsa suka zo, a ƙasar wa suka sauka. Mutum zai ɗauka gaisuwa ce kawai. Horo ne. Wanda ya yi shekara huɗu yana jiran mai magana ya gama ba tare da ya katse shi ba, ranar da ya zauna gaban uwar da ake shirin karɓe wa ɗa, kunnensa ya riga ya saba. Wanda ya saba faɗin inda ya fito ba zai manta cewa idon da yake kallon gidan mutane da shi ido ne na wani gida ba.

Sai ɗaukar mutum a cikakkensa. A Kanada ana yawan koyar da wannan da zanen da'ira mai kashi huɗu: jiki, tunani, zuciya, ruhi. A Niyu Zilan likita Mason Durie ya kwatanta lafiya da ɗaki mai bango huɗu, jiki da tunani da ruhi da iyali, in ɗaya ya faɗi rufin ya karkace. Abin lura shi ne sun ƙi fitar da ruhi daga aji. Jami'ar Turai ta saba barin imani a bakin ƙofa, su kuwa sun ce mutumin da aka hana shi addu'a da harshen kakarsa ba zai warke da cike fom ba. Abin da ake nufa shi ne abin da Cree ke kira mino-pimatisiwin, wato kyakkyawar rayuwa, wadda ta wuce a ce matsala ta lafa. Anishinaabe kuma suna da koyarwar kakanni bakwai: hikima, ƙauna, girmamawa, jarumta, riƙon gaskiya a aiki, tawali'u, da gaskiya ita kanta. A cikinsu tawali'u ne na fi son ɗalibaina su riƙe, domin rashinsa ne ya sa matashiyar can ta ga busasshen nama ta rubuta sakaci.

Ɗalibin ma ana ɗaukarsa a cikakkensa. Da yawa daga masu shiga waɗannan azuzuwa 'ya'ya ne ko jikokin waɗanda suka yi makarantun kwana, wasu su da kansu a hannun hukuma suka tashi. Darasin tarihi a wajensu labarin gida ne. Shi ya sa ake cewa mai taimako sai ya fara da warkar da kansa, kuma ake ajiye dattawa a sashen waɗanda ɗalibi zai je ya zauna da su.

Maganar dattawa tana buƙatar a tsaya a kanta, domin nan jami'a take jin jiki. Dattijon da ake nufi ba lallai yana da digiri ba. Al'ummarsa ce ta shaida shi da sani da hali. Ana ba shi ofis, yana koyarwa, yana zama a taron tsara manhaja. Ɗalibin da ke neman ilimi a wajensa ba ya zuwa hannu rabbana. A yankuna da yawa yakan ƙulla 'yar taba a ƙyalle, ya miƙa, ya faɗi buƙatarsa a fili. In dattijo ya karɓa, ya ɗauki alkawari ke nan. In ya ga ba shi ne ya dace ba, ya mayar, ya nuna wani. Ki lura da abin da wannan ɗan ƙulli yake koyarwa: ilimi yana da mai shi, ana roƙonsa, ana iya hana ka, kuma in an ba ka akwai abin da ya hau kanka. A Jami'ar Al'ummomin Farko ba a kammala digirin sai ɗalibi ya fita sansani a daji ya yi kwanaki tare da dattawa, ana aikin hannu ana sauraro. Wasu abubuwan ba sa koyuwa a ɗaki mai fanka da majigi.

Daga nan ƙa'idar ba ni in ba ka ta fito. Verna Kirkness, malama 'yar Cree, tare da Ray Barnhardt sun faɗa tun 1991 cewa abin da ɗaliban 'yan asalin ƙasa ke nema a jami'a abu huɗu ne: a girmama su yadda suke, karatun ya shafi rayuwarsu, koyarwa ta zama ba ni in ba ka, kuma su samu ikon ɗaukar nauyin al'amuransu. A bincike abin ya fi tsanani, kuma da dalili. Tsakanin 1942 da 1952 an yi gwaje-gwajen abinci a kan yara masu fama da yunwa a wasu ƙauyuka da makarantun kwana ba tare da sanin iyayensu ba. Don haka yau ɗalibin da zai yi bincike a wata al'umma yana koyon cewa bayanan nasu ne, su ke da iko da su, su ke cewa a buga ko kar a buga, kuma sai ya koma ya gaya musu abin da ya samo da bakin da za su gane.

Duk waɗannan, a ganina, suna tafiya ne zuwa wuri ɗaya: wa ke yanke hukunci a kan yaro. In wannan bai sauya ba, turare da da'ira ado ne. Niyu Zilan ta nuna yadda sauyin yake. Bayan rahoton kwamitin da dattijon Maori John Rangihau ya jagoranta a shekarun 1980, wanda ya fito ƙarara ya ce akwai wariyar launin fata a cikin tsarin ma'aikatar jin daɗin jama'a, aka yi dokar 1989 da ta kawo taron dangi. Ana tara 'yan uwan yaro na kusa da na nesa, ma'aikaci ya faɗi abin da ya gani da abin da ke damun hukuma, sannan shi da sauran jami'ai su tashi su fita, su bar dangi su kaɗai su tsara mafita. Wannan fitar daga ɗaki ita ce darasin. Ƙasashe da dama sun ari tsarin daga baya. A Kanada kuma dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 ta amince cewa al'ummomin suna da ikon yin dokokinsu na kula da yara, al'ummar Cowessess ta zama ta farko da ta ƙulla yarjejeniya a kan haka a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da dokar a 2024.

Kar ki ɗauka ƙa'idojin nan laushi ne zalla. Jarumta tana cikin bakwai ɗin can. Jordan River Anderson yaro ne daga al'ummar Cree ta Norway House, an haife shi a 1999 da ciwo mai wuyar sha'ani. Yana da kimanin shekara 2 likitoci a Winnipeg suka ce zai iya barin asibiti ya koma gidan da aka tanada domin kula da shi. Gwamnatin tarayya da ta lardin Manitoba suka tsaya jayayya a kan wa zai biya kuɗin. Suna cikin jayayyar ya rasu a asibiti a 2005, yana shekara 5, bai taɓa kwana a gida ba. Cindy Blackstock, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a 'yar Gitxsan, ta shigar da ƙara a 2007 tare da majalisar shugabannin Al'ummomin Farko cewa gwamnati tana ba yaransu kuɗin kulawa ƙasa da na sauran yara. Shekara 9 ana fafatawa, a Janairun 2016 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ce gaskiya ne, wariya ce. Diyyar da aka amince da ita a 2023 ta haura dalar Kanada biliyan 23. Ɗaliban waɗannan jami'o'i suna karanta wannan shari'a domin su san cewa wani lokaci taimakon iyali yana nufin ka tsaya gaban wanda ke biyanka albashi da hujja a hannu.

Akwai wuraren da abin ke cije wa, kuma masu koyarwar ba sa ɓoyewa. Ta yaya za ka ba tawali'u maki? Jami'a tana son sakamako a ƙarshen zango, dattijo yana ganin ɗalibi bai nuna ba tukuna. Hukumar da ke tantance digiri tana da nata sharuɗɗan da aka rubuta da tunanin Turai, don haka ɗalibi yana ɗaukar kaya biyu, dole ya san dokar lardi da rubutun rahoton kotu kamar kowa, ya kuma san na gida. Dattijo Albert Marshall na Mi'kmaq ya kira wannan gani da ido biyu. Sannan akwai haɗarin a dunƙule kowa wuri ɗaya: zanen da'ira mai kashi huɗu ba na Inuit ba ne, kuma akwai 'yan asalin ƙasa da yawa Kiristoci da ba sa shiga turaren. Mafi ciwo, mai digirin yakan fita ya tarar da ofishin da bai sauya ba, fayil sun yi masa yawa, fom ɗin dai shi ne na da.

Game da mu kuwa, kar mu ari rigar da ba tamu ba. Ba a kwashe mana yara ta wannan hanya ba, harshenmu yana raye, mu ne masu yawa a garuruwanmu. Inda muka haɗu da su shi ne manhajar da muke koyarwa daga waje aka kawo ta, da ma'auninta na yadda gida ya kamata ya kasance. Ma'anar sana'ar da ƙungiyoyinta na duniya suka amince da ita a 2014 ta sa ilimin gargajiya na al'ummomi cikin tushen aikin, amma azuzuwanmu ba su gama jin labari ba.

Wata ɗalibata ta taɓa kawo mini rahoton aikin gwaji a kan yarinya 'yar shekara 7. Uba ya rasu, uwa ta yi aure a wani gari, yarinya tana hannun kakarta. Fom ɗin yana da gurbin uba da na uwa, ta cike su, a ƙasa ta rubuta cewa iyaye sun yi watsi da ita. Na tambaye ta wa ke biyan kuɗin Islamiyya. Ta ce kawunta. Wa ke yi mata kitso? Gwaggonta da ke gidan baya. Uwar fa? Tana aiko da kayan salla da sabulu, kuma yarinyar takan je hutu. Na ce to wannan riƙo ne, ke ma kin san shi, wataƙila a gidanku akwai wanda aka riƙa. Ta yi shiru, sannan ta ce ita kanta wajen yayar babanta ta tashi. Abin da ta sani tun tana ƙarama ya tsaya a bakin ƙofar ofis saboda fom bai bar masa gurbi ba. Maori suna da irin wannan riƙo, whāngai suke ce masa, kuma sun sha fama kafin hukuma ta daina ganinsa a matsayin matsala.

Ban ce mata ta rufe fayil ba. Ni da ke mun san akwai riƙon da yake rufin asiri, akwai kuma wanda yarinya ke wuni da farantin talla a ka, 'ya'yan masu gida suna makaranta. Wanda ya san riƙo daga ciki ne zai iya raba su, ya kuma san wane kawu za a kira, wane malamin unguwa ake jin maganarsa, da wace irin magana za a shiga gidan ba tare da an tozarta tsohuwa ba. Na mayar da ita ta sake ziyara, ta zauna da kakar a tabarma, ta fara da gaisuwa da tambayar dangi kafin ta fito da biro. Rahoto na biyu ya zo da sunayen manya shida da ke tsaye a kan yarinyar, da matsala ɗaya ta gaske: idon kakar ya fara mutuwa, ba ta iya karanta adadin maganin da aka rubuta wa yarinyar a asibiti. Gwaggon ta karɓi wannan aikin a ranar.